Na saka fes feliya rile a fanel ɗin injin shinkafa, kontakta sai ya kama ya saki, don Allah a duba min

yaron_waya_Gombe

Assalamu alaikum manyanmu na wannan gida. Don Allah matsala ce ta kawo ni, ogana ya tafi Umara wayarsa ba ta shiga shi yasa na ce bari in jefo ta nan.

Akwai wani Alhaji mai injin casar shinkafa nan wajen Tudun Hatsi, moton sa 15kW ne tiri fes, a farantin jikinsa an rubuta 29A, da sita-delta ake tada shi, wato ya fara a haɗin sita mai jan wuta kaɗan sannan tayima ta juya shi zuwa delta. Watan da ya wuce ya ƙone aka kai rewayin aka dawo da shi, kuɗi kam sun tafi ba kaɗan ba, mai rewayin ɗin ya ce fes ɗaya ne ya ɗauke injin yana kan aiki. Shi ne Alhaji ya ce shi fa ba za a sake tada masa inji ba sai an saka fes feliya rile, wato na'urar da ke tsaida inji in fes ɗaya ya ɗauke. Na sayo, ƙarami ne irin mai hawa kan ƙarfen DIN, a sama akwai L1 L2 L3, a ƙasa akwai 15, 16, 18, sai abin murɗawa guda huɗu, na oba boltej, na onda boltej, ɗaya an rubuta Asym da alamar %, na ƙarshen kuma na sakan ne. Takardar cikin kwalin rabi Sinanci rabi wani Turanci da ba kai ba gindi.

Ga yadda na haɗa. L1 L2 L3 na ɗauko su daga ƙasan obalod, mai fidda moto in ya ja amfiya fiye da kima, inda wayoyin moto ke fita, don a tunanina tunda moton ake gadi to wutar da ke isa gare shi ya kamata rile ya ji. Sai na yanke wayar da ke zuwa A1, wato bakin koyil na babban kontakta, na bi da ita ta 15 da 16, saboda da na sa mita su biyun ne suka yi kuka. Yanzu in na danna sitat kontakta ya kama, moto ya yi gurnani, fitilar rile ta kawo, kafin ka ce kwabo ya saki. In na danne maɓallin ban ɗaga hannu ba sai ya dinga kaf kaf kaf har tartsatsi nake gani, na daina don kar in cinye kontaktan mutane.

Tambayata, rile ɗin ne jabu in mayar wa mai shago ko haɗin ne? Sannan a ina ya fi dacewa in kafa shi, akwai ɗan wuri dab da obalod akwai kuma sama kusa da bireka. Sai setin ɗin maɓallan nan, nawa nawa zan sa? Ga buhunan mutane jibge Alhaji sai kira yake. Suna da janareta ma da canjoba in wannan zai shafi amsar. Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Fanel, Bauchi

Wa alaikumus salam. Yaro lafiyar rile ɗinka ƙalau kar ka je ka ɗaga wa mai shago murya. Abin da ka ce ya yi shi yake yi.

Bari mu fara da 15, 16, 18 ɗin. Lokacin da ka sa mita ai ba wuta a jikinsa, shi yasa 15 da 16 suka yi maka kuka. Irin wannan rile a kwance yake sai ya ga fes uku sun cika, sun zo a jere daidai, boltej bai fita daga inda ka sa masa ba, sannan yake tashi, in ya tashi 15-16 ya buɗe 15-18 ya rufe. Da gangan masu ƙera shi suka yi haka, don ko shi kansa ne ya mutu ko wayarsa ta tsinke inji ya tsaya, ba wai ya ci gaba da gudu kana zaton akwai mai gadi ba. To kai ka bi ta 16, ke nan duk sanda wuta ke lafiya shi kuma sai ya yanke maka koyil. Ta 15 da 18 za ka bi. Shi 16 ɗin ka bar shi haka, ko ka ja masa jar fitila a ƙofar fanel don yaran inji su gane wuta ce ba lafiya ba wai fanel ne ya lalace ba, yana rage kiran waya tsakar dare.

Amma in 18 kaɗai ka canza ka bar L1 L2 L3 a ƙasan obalod, wannan karon ko motsi kontakta ba zai yi ba. Rile na jiran wuta daga kontakta, kontakta na jiran rile ya rufe masa hanya, ka kulle ɗaki ke nan makulli na ciki. Wayoyin jin nan uku, wato L1 L2 L3 na rile, daga ƙasan babban bireka ake ɗaukarsu, kafin kontakta, don rile ya duba wutar tun kafin kowa ya taɓa sitat. Kuma kar ka ɗauko su tsirara. Waya 1.5mm ce, babban birekanka ƙila 50 ne ko 63A, in shot ya faru a cikin rile wayar nan za ta narke ta kama wuta shi birekan ko a jikinsa. Sa fiyus uku na 2A ko ƙananan bireka masu ƙafa ɗaiɗai guda uku, masu ƙafa ɗaiɗai nace don za su yi maka amfani wajen gwaji, zan zo kai.

Na uku, ba a kan A1 na babban kontakta za ka yanka ba. Sita-delta kontakta uku ne da tayima, so ake in rile ya buɗe duka su mutu tare. Layin kwanturol ɗinka ya zama haka, daga fes zuwa ƙaramin bireka 6A, daga nan 95 ya fita 96 na obalod, ya shiga 15 ya fita 18, ya shiga sitof, sai sitat da 13-14 na kontakta a gefensa, daga nan ya rabu zuwa tayima da koyil koyil, A2 duka su koma nutural. Ka duba jikin koyil ɗin tukun, akwai na 220 akwai na 380, in na 380 ne to fes biyu yake ci ba nutural. Amfanin bi ta 13-14 ɗin shi ne in wuta ta dawo inji ba ya tashi da kansa sai mutum ya zo ya danna, a wurin da ake da bel da fule yara na sa hannu wannan ba abin wasa ba ne.

Tunaninka na cewa moton ake gadi ba shirme ba ne fa. Gaskiya ne in ƙafa ɗaya ta kontakta ta cinye ko log ya kwance a bakin moto, rile ɗin da ke sama ba zai gani ba. Amma wannan aikin obalod ne, kowa da nasa.

Kafin ka sa hannu kashe babban bireka, mayar da canjoba tsakiya, auna da mita fes da fes, fes da at wato wayar ƙasa, ba da tasta mai fitila ba. In katawut ne zare fiyus ɗin ka zuba a aljihunka. A wajen inji kullum akwai mai zuwa ya ce wa ya kashe wuta ya ɗaga.

Mai_Rewayin_Azare

Salam. Baba ya gama magana a kan rile Allah ya ƙara lafiya. Ni ta wajen sana'ata zan shigo. Ɗan'uwa ka ga moton da idonka lokacin da aka buɗe shi? Don koyil ba ya ƙarya. In obalodin ne na yau da kullum, wato an cika wa inji kaya ko iska ba ta shiga, duka koyil ɗin ke yin baƙi bai ɗaya. In fes ne ya ɗauke kuma moto na gudu a delta, kashi ɗaya cikin uku ne ke ƙonewa ƙurmus sauran biyun jajir kamar yau aka naɗa. In a sita yake gudu kuma akasin haka ne, biyu su ƙone ɗaya ya tsira. In kuwa wuri ɗaya tak ka ga ya fashe kamar an ɗiga masa walda to wannan shot ne tsakanin zagaye ko danshi, fes feliya ba zai hana shi ba ko guda goma ka jera.

Abin da yasa nake tambaya, moton da ke da obalod mai kyau an yi masa setin daidai bai kamata ya kai ga ƙonewa ba ko da fes ya ɗauke, obalod ya kamata ya fidda shi. Yawancin waɗanda ake kawo min shago in na bi fanel ɗin sai in tarar ko an murɗe obalod zuwa ƙarshe ko an yi wa 95-96 birij ko tun farko ba sayiz ɗinsa ba ne. Faɗa mana lambar da ke jikin naka, daga nawa zuwa nawa yake, a nawa aka tsaida shi, kuma a ina yake zaune, ƙarƙashin babban kontakta ko a layi kafin a raba. Sannan kafin ka ba sabon naɗin wuta sa masa mega 500V, mitar da ke auna ko wuta na zurarewa zuwa jiki, tsakanin koyil da jiki kar ya gaza 1 megohm, sabon aiki ma ya kamata ya wuce haka nesa.

yaron_waya_Gombe

Baba na gode Allah ya ja kwana, wlh yanzu na gane, na zana layin a takarda kamar yadda ka jero. Koyil ɗin na 220 ne.

Oga na Azare ban ga moton a buɗe ba amma yaron inji ya ɗauki hoto a wayarsa ya nuna min, haka yake kamar yadda ka faɗa, wasu baƙi ƙirin wasu jajir, kuma baƙaƙen sun fi kaɗan. Obalod ɗin 23 zuwa 32A ne, an tsaida shi a 29 daidai da farantin moto, ba birij a 95-96 na duba. A manne yake da ƙasan babban kontakta, ƙafafunsa ma cikin kontaktan suka shiga. Ba ni na haɗa fanel ɗin ba haka Alhaji ya saye shi tare da injin. Ni dai na ga 29 da 29 sai na ce wannan ɓangaren ba matsala.

Na auna wutar kuma da rana wajen azahar injin a kashe, L1-L2 402, L2-L3 395, L3-L1 378. Yaran sun ce da yamma takan sauka fiye da haka.

Injiniya_Yelwa

Assalamu alaikum. Ƙanina ga inda moton Alhaji ya tafi nan, ba fes ɗin kaɗai ba ne, obalod ɗin nan bai taɓa gadin komai ba tun ranar da aka ɗaura shi.

A sita-delta wayoyi shida ke zuwa moto, uku daga babban kontakta uku daga na delta. Obalod ɗin da ke manne a ƙasan babban kontakta ba wutar layi ke bi ta cikinsa ba, wutar koyil ɗin moto ce, ita kuma wutar layi ce a raba da 1.73, ko ka ce sau 0.58 duk ɗaya ne. 29 sau 0.58 kusan 17A ke nan. To an tsaida shi a 29, ma'ana sai moton ya ja wajen 50A daga layi kafin obalod ya fara jin ɗumi ma. Ko ka murɗo shi ƙasa can 23 har yanzu wajen 40A ne. Ba ya gyaruwa da murɗawa, canza shi za a yi. In Schneider ne LRD21 yana 12 zuwa 18, LRD22 yana 16 zuwa 24, ni na biyun zan ɗauka don 17 ba ta maƙale a ƙarshen ma'auni ba, in wani kamfani ne ka nemi mai irin wannan tazarar wanda zai hau kontaktanka. Ka tsaida shi a 17, risetin ɗin kuma ka juya shi zuwa H na hannu ba A ba.

Abin da ya faru ranar kuwa, da fes ɗaya ya tafi moton delta koyil ɗaya ne ke tsakanin fes biyun da suka rage kai tsaye, sauran biyun sun koma a jere, sai shi ɗayan ya ɗauki ninki biyu na abin da suke ɗauka. Inji na cike da shinkafa wannan koyil ɗin zai iya kaiwa talatin da wani abu alhali 17 aka naɗa shi ya ɗauka, obalod na 29 kuwa a wajensa ɗan ƙari ne kaɗan, yana nan yana shawara fanis ya riga ya dahu. Shi ne hoton da aka nuna maka.

Sai maɓallin Asym ɗin nan, mutane na raina shi alhali shi ne babba. In fes ya ɗauke moto na tsaye kowane rile zai gani. Amma in yana gudu, moton da kansa yake haifar da boltej a kan wayar da ta mutu, ya turo shi baya ta kontakta har inda rile yake ji, in kayan ba nauyi yakan kai kusan kashi 90 na na gaske. Sai rile ya ga fes uku ya yi shiru. Abin da ke kama wannan shi ne rashin daidaiton da ke tsakaninsu, wato Asym.

Ɗauki awon da ka kawo, 402 da 395 da 378, matsakaicinsu 392 ne kusan, wanda ya fi nisa da shi 378 ne da tazarar 14, 14 cikin 392 kashi 3.5 ke nan. Ƙa'idar NEMA ta Amurka da ake koyarwa ita ce ƙarin zafin koyil ya kai ninki biyu na wannan lambar sau kanta, 3.5 sau 3.5 sau 2, kusan kashi 25 na ƙarin zafi, inji bai ma yi laifin komai ba. Sun kuma ce in ya wuce kashi 5 kar a gudanar da moto. Don haka ni Asym 5 zan sa, in ya matsa 6. Onda boltej 360, oba 440, wato kashi 10 ƙasa da sama na 400. Sakan kuma 3 zuwa 5 don kar faɗuwar wuta ta lokacin tashi ko lokacin da tayima ke juyawa daga sita zuwa delta ta fidda shi.

sumo_da_sola_Kumo

Hajiya Injiniya ranki ya daɗe lissafinki ba mai ja, maganar obalod kam kin kashe bakin kowa. Amma 360 da Asym 5 a wutar da muke gani a ƙasan nan? Wlh injin nan ba zai yi awa biyu a jere ba. Yaron da kansa ya ce 3.5 yake gani inji a kashe da rana tsaka, to ina ga an tada shi ga magariba kowa ya kunna kayansa. Ni fanel ɗin borehol nake yi kullum, abin da ke faruwa shi ne rile ya fidda sau ɗaya sau biyu mai inji ya yi haƙuri, na uku sai ya kira wani yaro ya ɗaura guntun waya tsakanin 15 da 18 shi ke nan, rile na nan fitila na ci ka zo ka ga fanel tsaf alhali ba komai, wasu ma kara suke sokawa su danne kontakta. Gara ka sassauta ka sa 340 da Asym 10 abin ya zauna a layi da ka matse a cire shi gaba ɗaya, tunda yanzu obalod zai zama daidai in wuta ta yi ƙasa amfiya ta hau shi zai fidda.

Sannan ɗan'uwa ka kula wajen sayen obalod ɗin, jabun manyan sunaye sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, sai ka ɗaga ka ji ba nauyi. Gara ka sayi Chint na gaske da ka sayi babban suna na ƙarya. In Alhaji zai iya ƙara kuɗi ma akwai na lantarki mai ramuka uku da wayoyin moto ke ratsawa, shi amfiya yake karantawa kai tsaye, fes ya ɗauke ko sama ko ƙasa da kontakta yana gani, boltej ɗin da moto ke turowa baya ba ya ruɗa shi. Su nake sa wa sumo, wato famfon cikin borehol, yanzu.

Injiniya_Yelwa

Malam na Kumo onda boltej ɗin zan iya bin ka zuwa 350 don obalod na bayansa. Asym 10 kam a'a, 10 sau 10 sau 2 ka lissafa da kanka. Na ramukan nan kuma yana da kyau na yarda, sai dai a faɗa wa yaro bambancinsa da wanda ke aiki da CT na waje, wato zoben auna amfiya mai S1 S2 irin na manyan fanel, don wata rana zai ci karo da shi. Wancan in wuta na bi ta babbar waya ba a taɓa barin S1 da S2 a buɗe, boltej ɗin da ke tashi a bakinsu na iya kashe mutum ya kuma lalata CT ɗin, sai an haɗe su da juna kafin a zare rile.

Baba Mai Fanel, Bauchi

Ku biyun duka kuna da gaskiya, yaro sa 350 da Asym 7 ko 8 ka zauna wajen injin yini guda da kilam mita mai auna amfiya a hannu har bayan magariba, abin da ka gani shi zai gaya maka ko ka matse ko ka bari. Ka kuma zaunar da Alhaji ka gaya masa da baki cewa ranar da abin nan ya fidda to kuɗin rewayin ya ajiye masa, ka sa kwaɗo a ƙofar fanel makulli ɗaya wajensa ɗaya wajenka.

Wurin kafawa da ka tambaya ba wanda ya amsa. Sama kusa da bireka za ka kai shi amma ba saitin kan obalod ba. Obalod hita ne a cikinsa, zafi yake fitarwa kuma zafi sama yake hawa, shi kuwa rile ɗin nan kayan lantarki ne ƙanana a ciki, ga zafin Gombe na watan Maris da Afrilu da ke haura 40 a inuwa balle cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano. Kar kuma ka manna shi jikin kontakta, duk kamawar da zai yi girgiza ce, bar ko faɗin yatsa biyu, sa sitofa hagu da dama a kan ƙarfen DIN ɗin don kar ya dinga zamewa. In fanel ɗin a jikin ƙarfen injin aka ɗaure shi cire shi ka kai bango, na ga sukurori da yawa da girgizar inji ta kwance su da kanta. Wayoyin kwanturol su bi tirankin nasu daban da manyan, bakin kowace ka matse mata ferul, kar ka cusa waya uku a rami ɗaya, biyu ne iyaka kuma masu kauri ɗaya. Ka ɗaure ka ja da hannu ka gani. Sa lamba a kowace waya ko da da salatif da biro ne don wanda zai zo bayanka, ƙila ma kai ne bayan shekara ka manta.

Ƙura kuma, wajen casa ƙaiƙayi da dusa ba inda ba sa shiga, in suka taru a bakin kontakta sai ya fara ƙugi ya ƙi zama. Wayoyi su shigo ta ƙasa da gilan, duk ramin da ba a amfani da shi a toshe, ba don ƙura kaɗai ba, tsaka da ƙadangare na son ɗumin fanel kuma su ke haɗa fes da fes. Jikin fanel da ƙofarsa da jikin moto duka a at.

Janareta. Ka fara da wutar layi, in moton na juyawa daidai yadda kibiyar injin ta nuna amma rile ya nuna jeri ba daidai ba, musanya biyu daga cikin ƙananan wayoyin jin a bakin rile, kar ka taɓa na moto. In ya zauna sai ka juya canjoba zuwa jen. In can ya ƙi, to kar ka sake taɓa rile, wayoyin jen biyu za ka musanya a bakin canjoba. Daga ranar duk wanda ya juya fes a kan fol bayan gyara, rile zai hana inji tashi da baya.

Gwaji kuwa, inji na gudu ba kaya ka kashe ɗaya daga ƙananan birekan nan uku, ƙirga sakan ɗin da ka sa, dole kontakta duka su saki. Mayar, tabbatar bai tashi da kansa ba, yi wa sauran biyun haka. Danna tes na obalod shi ma ka ga ya fidda. Babban fiyus kam kar ka zare shi inji na gudu wai kana gwaji, wutar da za ta biyo hannunka ba ta da kyau.

yaron_waya_Gombe

Alhamdulillah manyana inji ya tashi tun jiya. Na samo 16 zuwa 24 na tsaida a 17, rile na sama gefen bireka da ƙananan bireka uku, na yi gwajin duka ukun yana saki bayan sakan 4. A jen ya nuna jeri ba daidai ba kamar yadda Baba ya ce, ashe da can in sun koma jen wayoyin moto suke kwancewa su juya da hannu, na musanya a canjoba yanzu sun huta. Da kaya kilam na nuna 15 da ɗigo a wayoyi biyu, ɗayar 16 da rabi.

Saura abu ɗaya, wajen ƙarfe bakwai na yamma ya fidda, fitilar Asym ce ta kawo, a 7 na sa shi. Da na auna L3 ce ta faɗi sosai, L3 da nutural 196 sauran biyun 226 da 229. Alhaji ya ce in ƙara lambar kawai, ban ƙara ba nace sai na tambaya.

Baba Mai Fanel, Bauchi

Kar ka ƙara tukun. L3 ɗin nan tun awonka na farko ita ce a ƙasa. Gobe da yamma auna ta a bakin katawut kafin canjoba, ka sake aunawa a fanel inji na gudu. In a katawut tana da kyau a fanel ta faɗi, to log ne ko haƙorin canjoba ya ci wuta, kashe ka taɓa za ka ji shi da zafi ko ka ga ya canza kala. Duba kuma fitilun wajen da fankoki da keken ɗinkin buhu da firijin mai shagon gaba in daga nan yake ja, sau da yawa duk a fes ɗaya ake jibge su don ita ce kusa da hannu, raba su kan L1 da L2. In tun daga fol take zuwa a haka to taransifomar unguwar ce aka yi wa lodi gefe ɗaya, sai Alhaji da maƙwabta su kai maganar ofishin masu wuta a daidaita, kafin nan daga magariba ya koma jen. Turo min awon guda biyun in ka yi.